Kafin Mu Taɓa Aikin Rukuni, Mu Fitar Da Reshe

A zangon karatun da ya wuce, mu huɗu aka ba mu aikin gina shafin intanet. Saura kwana biyu mu miƙa, sai ɗayanmu ya ce zai ƙara wajen shigar da kalmar sirri. Ya yi gyaransa kai tsaye a kan main, babban reshen da kowa ke ɗauko aiki daga gare shi, ya tura. Da gari ya waye, shafin ya ƙi buɗewa a kwamfutar kowa. Sai da muka yini muna warware ɓarnar, makin mutum huɗu ya kusa salwanta.

Abin haushin shi ne muna amfani da Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 don adana tarihin kowane gyara, amma ba mu san amfanin reshe ba. Reshe hanya ce ta gefe da mutum zai yi gwajinsa ba tare da ya taɓa aikin jama'a ba. Ba kwafin fayiloli ba ne, alama ce kawai da ke nuna ajiyar ƙarshe, shi ya sa fitar da shi ba ya cin lokaci ko wuri.

Ga yadda muke yi yanzu. Mu rubuta git switch -c kalmar-sirri, sai sabon reshe ya fito, mu koma kansa. Wanda Git ɗinsa ya girmi na 2019, sai ya rubuta git checkout -b. Mu yi gyara, mu ajiye da git add da git commit. Idan mun manta inda muke, git branch zai jero rassan, da tauraro a gaban wanda muke kai. In gwaji ya yi kyau, mu koma da git switch main, mu haɗe da git merge kalmar-sirri.

Idan mutum biyu sun sauya layi ɗaya, Git zai tsaya ya nuna mana wurin, mu zaɓi wanda za mu bari. Wannan ba lalacewa ba ce, tambaya ce.

Dokarmu yanzu ɗaya ce: kowane sabon aiki da reshensa, kuma ba a haɗewa sai wani ya gwada a tasa kwamfutar. Rigakafi ya fi magani. Ku gwada a ƙaramin aiki kafin na maki ya zo. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.