Motar Gwangwani Ba Shiririta Ba Ce

Ni haifaffen Zangon Agege ne a Legas, da ƙarar jirgin ƙasa na buɗe ido. Muna yara, da an tashi daga makarantar allo sai mu bazama tsintar gwangwanin madara da waya da tsohon silifa. Da su muke ƙera tirelar shanu irin wadda muke gani tana shiga mayankar Oko-Oba. Ranar da baffana ya tarar da tawa a ƙofar gida, ƙafa ya sa ya take ta, wai shiririta ce.

Ya kai mai karatu, abin da muke takewa, wasu adana shi suke yi. A birnin Hambog na Jamus akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda ƙananan jiragen ƙasa da motocin kaya ke kai-komo cikin garuruwan da aka ƙera da hannu. Ma'auninsu 1:87 ne, wato tirela mai tsawon mita 16 sai ta dawo santimita 18 da ɗoriya. Kamfanoni irin su Herpa da Wiking ke ƙera motocin, dattawa masu furfura kuma ke saye suna tarawa, domin kowace mota shaida ce ta zamaninta.

To mu fa, ba mu da tarihin ne? Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya riƙa kai goron Agege arewa yana sauko da shanu, kafin manyan motoci su karɓe harkar. Wannan tarihin ne yaranmu ke kwaikwayo da gwangwani, yaran arewa kuma da karan dawa. Yau motar roba ta kanti ta kore su, kuma ina tsoron sunaye irin su akori-kura da roka da gingimari su bi su.

Wani zai ce ina ruwan ɗalibin Hausa da kayan wasa? Ai karatunmu murhu ne mai duwatsu uku: harshe, adabi da al'ada. Don haka ina kira ga ƙungiyarmu, kowa ya dawo hutu da mota guda daga garinsu, tare da sunayen sassanta da bayanin yadda aka ƙera ta, a ware mata kanta a sashenmu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya sa mu dace, amin.