Matatar Kaduna: Tambayar da ya kamata a yi kafin a sake kunna wuta

Manomin rani a Ƙofa, a yankin Kusada da Kankiya, yana zuba wa injin ban-ruwansa fetur ɗin da tanka ta ɗauko tun daga Kudu. Shi ya sa duk alƙawarin farfaɗo da matatar mai ta Kaduna ke jan hankalin Arewa. A watan Fabrairun 2023 kamfanin NNPC ya ba Daewoo kwangilar gyaranta a kan dala miliyan 740. Sai dai muhawarar ta tsaya kan kuɗi da ranar buɗewa, ba a tambayar halin da ƙarafunanta ke ciki.

An buɗe matatar a 1980, kuma an tsara wani sashenta don sarrafa ɗanyen man ƙasashen waje, wanda ya fi na Najeriya yawan farar wuta. Idan zafi ya haura kimanin digiri 260 a ma'aunin Salshiyas, farar wutar kan ci bututun baƙin ƙarfe daga ciki har ya yi siriri, alhali wajensa na nan sumul. Iskar haidirojin kuwa, in zafi da matsi suka yi yawa, takan kutsa cikin ƙarfen, ta haɗu da sinadarin kabon da ke ba shi ƙarfi, ta bar ƙananan tsage-tsagen da ido ba ya gani.

Amurka ta ɗanɗana illar duka biyun. A watan Afrilun 2010 wata na'urar da haidirojin ya raunana ta fashe a matatar Tesoro da ke Anacortes, ma'aikata bakwai suka mutu. A watan Agustan 2012 wani bututu da farar wuta ta cinye ya tsage a matatar Chevron ta Richmond, kusan mutum 15,000 suka nemi magani sakamakon hayaƙin gobarar.

Matatar Kaduna ta haura shekara 40, kuma unguwanni sun matso kusa da ita. Don haka abin da ya dace 'yan majalisar tarayya, ciki har da wakilin Kankiya, Ingawa da Kusada, su nema shi ne rahoton awon kaurin bututun ɗaya bayan ɗaya, da jerin waɗanda aka sauya da ƙarfe mai jure farar wuta, a wallafa su kafin a kunna wuta. Idan aka yi gaggawa saboda siyasa, ma'aikata da maƙwabtan matatar ne za su fara ɗaukar haɗarin, sannan manomin Ƙofa ya ci gaba da jiran tankar Kudu.