Zagayen Turai cikin jirgin ƙasa: a rage birane, a ƙara lokaci

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko ɗalibi da ya je Turai, in abin da ya kai shi ya ƙare, sau da yawa yakan so ya zagaya waɗansu birane cikin jirgin ƙasa kafin ya komo gida. Niyya ce mai kyau. Amma a ganina kuskuren da aka fi yi shi ne haɗama: mutum yana da kwana 10, ya jera birane 7 bisa takarda, don ya duba taswira ya ga kamar suna kusa da juna.

Gaskiya ne jiragen suna da sauri. A 1981 Faransa ta buɗe layin TGV tsakanin Pari da Liyon, kuma yau tafiyar awa 2 ce. Daga Pari zuwa Burusel ba ta kai awa 1 da rabi ba. To amma awoyin da ke rubuce bisa tikiti ba su ne dukan tafiyar ba.

Mu duba Pari kawai. Ba tasha guda gare ta ba. Jirgin Burusel da Amsterdam yana tashi daga Gare du Nord, na Liyon da Marsai da Janeba daga Gare de Lyon, na Sitarasbur daga Gare de l'Est. Wanda ya sauka daga Burusel zai wuce Marsai, dole ya ja kayansa ya ratsa gari ta ƙarƙashin ƙasa. In ya bar minti 30 kaɗai tsakanin jiragen biyu, ya yi ganganci. Mu da muka saba da tashar da mota ke jiran ta cika, sai mu san cewa can ana rufe ƙofofin TGV minti 2 kafin ya tashi, ba a jiran kowa, ko darekta ne. Abin da ya fi ciwo, in tikitin biyu daban aka saye su, jirgi na farko ya makara, ana iya ce ma mutum ya sake biya. Shi ya sa na fi son a sayi tafiyar cikin tikiti guda, a bar aƙalla awa 1 da rabi duk inda za a sake tasha.

Sai maganar katin yawo. Akwai Eurail, wanda aka fara a 1959 domin waɗanda ba su zaune Turai, akwai Interrail na 1972 domin mazauna can. Ana ɗaukarsa kamar mabuɗin kowane jirgi, alhali ba haka ba ne. TGV da Eurostar da manyan jiragen Italiya masu sauri ba a shigarsu sai an kama kujera tun da wuri, kuma mai kati zai ƙara kuɗi a kai. Cikin Jamus ne galibi babu wannan tilas. Mai zuwa birane 3, wanda ya san ranakunsa, ya fara lissafa kuɗin tikiti ɗai-ɗai, gama wanda aka saya makonni kafin tafiya ya fi araha ƙwarai. Katin ya fi amfanin mai dogon zagaye wanda bai tsaida rana ba.

Kwana 10, birane 3 sun isa, kowane a kwana 3 cikinsa, a koma garin da jirgin sama zai tashi tun ana gobe tafiya.

Kada a manta da takardu. Bizar Shengen ta ɗan gajeren zama ba ta wuce kwana 90 cikin 180, kuma ana neman ta wurin ƙasar da za a fi daɗewa cikinta. Tana shigar da mutum Suwis, ko da yake can ba yuro ake kashewa ba, kuɗinsu faran ne. Landan kuwa, duk da jirgi na ratsawa ƙarƙashin teku tun 1994, ba ta cikin Shengen. Wanda ba shi da bizar Ingila, tun a Gare du Nord za a tsaida shi.