Kada Mu Miƙa Wa Mai Dubawa Buhu A Ɗinke

Maudu'in wannan mako daga wajen adabi muka ɗauko shi, a daure a biyo mu.

Duk wayar Android da ke hannunmu, a Jahun muke ko a Haɗeja, tana tafiya ne a kan zuciyar wata manhaja mai suna Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan. Yau layukan umarnin da ke cikinta sun haura miliyan 30, kuma duk mako tara zuwa goma ana fitar da sabon zubi ɗauke da gyare-gyare sama da 10,000. Mutane ne ke karanta gyaran nan kafin ya shiga. Kowane gyara faci suke ce masa, kamar dai na taya.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda suke yi da wanda ya zo da babban aiki. Ba sa karɓa a dunƙule. Sai ya yanka shi zuwa jerin faci, kowanne da aiki ɗaya tak, tare da bayanin matsalar da ya zo warwarewa. In ya matsar da wani sashe daga nan zuwa can, facinsa daban. In ya canza abin da ke cikin sashen, shi ma daban, don kada canji ya ɓuya a bayan ƙaura. Dole kuma manhajar ta ci gaba da aiki bayan kowane faci, saboda ranar da matsala ta ɓulla a iya bin sawu har a cafke facin da ya haife ta. Masu kula da ɓangaren sadarwa har iyaka suka sa, kada jeri ya wuce faci 15 a lokaci guda. Wanda aka yi wa gyara ya dawo da zubi na biyu, sai ya lissafa abin da ya canza daga na farko. In ya ji shiru, ya jira aƙalla mako guda kafin ya yi tuni.

Dalilin duk wannan ɗaya ne: masu rubutawa sun fi masu dubawa yawa.

To mu ma haka abin yake. Matashi zai tura wa malami littafi mai shafi 300 ta WhatsApp da kalma uku, "a duba min", washegari ya fara ƙorafin an share shi. Malamin nan yana da aji, ga iyali, wataƙila ga shinkafarsa a fadama tana jiran yanka. Ƙarshenta sai ya leƙa shafi biyar ya ce Masha Allah, ya yi kyau. Marubuci ya tafi da murna, kurakuransa na nan daram. Ko a kasuwar Gujungu, wa zai yaba shinkafar da bai ga cikin buhunta ba?

Wani zai ce labari ba inji ba ne, sai an kai ƙarshe ake sanin ko ya tsayu. Mun yarda, wannan karatun yana da ranarsa. Amma ba a haɗa shi da farautar ƙ da ɗ da suka rasa lanƙwasa. Wanda ke bin zaren labari ba ya ganin waƙafi, mai bin waƙafi kuma ba zai lura Ladidi ta koma Larai a babi na tara ba.

Shawararmu ga mai neman a duba masa aiki a zauren nan: ya turo babi biyu ko uku, da 'yan layuka a sama masu faɗin inda labarin ya dosa da abin da yake so a duba, tsari ne ko ƙa'idar rubutu. In ya gyara ya dawo, ya nuna shafukan da ya taɓa. Gyaran da bai karɓa ba kuwa ya faɗi dalilinsa, kada mai dubawa ya sake tarar da shi ya ɗauka mantuwa ce.