Waiwaye Adon Tafiya: Darasi Daga Yaƙin Kurkunu

Kowa ya san yadda mukan fara aiki a ƙasar nan. A kafa kwamiti, a kira taron neman gudunmawa, a aza harsashi, ranar buɗewa kuwa a yanka ƙyalle a yi ta tafi. Inda muke da rauni shi ne wajen rufe aiki. Da an tashi daga biki sai kwamiti ya watse, ba a karanta lissafin kuɗi ba, ba a ce ga wanda zai riƙa kula da abin ba, balle a zauna a tambayi juna inda aka yi kuskure. Wannan ciwo bai bar ma'aikatun gwamnati ba, bai bar ƙungiyoyin raya gari ba, kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, bai bar ikilisiyoyinmu ba.

Duk da haka akwai wani babban aiki da aka rufe yadda ya kamata a Nijeriya, wanda muke ganin ya cancanci kowane kwamiti ya yi nazarinsa, wato yaƙi da kurkunu. Manyanmu na ƙauye ba su manta da wannan cuta ba. Mutum ya sha ruwan kududdufi mai ɗauke da ƙwayayenta, sai bayan kamar shekara guda tsutsar ta huda fata, yawanci a ƙafa, a yi makonni ana naɗe ta a tsinke. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi, ga shi takan kwantar da magidanci daidai lokacin aikin gona. Binciken da aka yi a duk faɗin ƙasa a 1988 zuwa 1989 ya gano mutum fiye da 650,000 masu fama da ita.

Gwamnati da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da sauran masu taimako suka haɗa hannu. Aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka zuba magani a tafkuna, aka horar da 'yan sa-kai a ƙauyuka masu kai rahoto kowane wata. Daga ƙarshen shekarun 1990 Janar Yakubu Gowon ya riƙa bin ƙauyuka da gidajen gwamnoni yana ƙarfafa aikin. A watan Nuwamba na 2008 aka ga mai cutar na ƙarshe, a wani ƙauye na Jihar Inugu.

Da mu ne, a ranar za mu kira makaɗa. Amma sai a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu, ita da Nijar a lokaci guda. Me aka yi a cikin waɗannan shekaru biyar? Ƙa'idar hukumar ita ce sai ƙasa ta yi aƙalla shekara uku a jere ba a ga cutar ba, kuma ta nuna cewa ana nema ne ba a samu ba. Don haka aka sa ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo labarin mai kurkunu, aka riƙa bin kowace jita-jita, masu allurar shan-inna suna tambaya gida-gida, aka mayar da sa-ido hannun ma'aikatan lafiya na yau da kullum, aka tattara takardu. Daga ƙarshe baƙin ƙwararru suka zo suka bincika da kansu. Ba masu aikin ne suka ba kansu shaida ba.

Wanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne, to, ya dubi maƙwabciyarmu Chadi. Bayan shekarar 2000 an yi kusan shekara goma ba a kai rahoton cutar ba, sa-ido ya yi sanyi, sai ga ta ta sake ɓulla a 2010, daga baya ma aka same ta a jikin karnuka. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A 2023 mutum 14 kacal aka samu da kurkunu a duk duniya, akasarinsu kuwa a Chadi.

Mun sani ginin majami'a ko makarantar firamare ko ɗakin shan magani bai kai girman wannan yaƙi ba, amma ka'idar ɗaya ce. Saboda haka muna kira ga dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata da na matasa da kada su sallami wani kwamiti sai ya cika abubuwa huɗu.

Na farko, a gwada abin da aka yi da abin da aka yi alkawari. Idan an ce aji shida, a ƙirga aji shida. Idan rijiya ce, a jira rani ya wuce a ga ko tana da ruwa kafin a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa.

Na biyu, ma'aji ya karanta lissafi a gaban jama'a, da rasit, bayan wasu waɗanda ba sa cikin kwamiti sun duba shi. Wannan ba tuhuma ba ce. Kariya ce ga mai gaskiya, domin tsegumi kan yi ƙiba ne a inda aka ɓoye littafi. Gwauruwar da ta ba da kuɗin gyaɗarta tana da hakkin ta ji inda ya tafi.

Na uku, a miƙa aiki hannu da hannu. A faɗi sunan wanda zai riƙe makulli da takardun fili da zanen gini, a kuma ce daga wace jaka za a gyara famfo ran da ya lalace. Yawancin famfunan da muke gani a bushe a ƙauyukanmu ba mugun aiki ne ya kashe su ba, rashin mai kula ne.

Na huɗu, wanda aka fi ƙyalewa, a zauna a yi waiwaye tun abin yana sabo a zuciya. Me ya sa kuɗin ya zarce ƙiyasi? Me ya sa damina ta same mu ba mu yi rufi ba? Wace dabara ce ta yi amfani? A kira har birkila da kafinta, domin sukan san abin da shugaba bai sani ba. Kada zaman ya zama na neman mai laifi, in ba haka ba kowa zai yi gum. Sakatare ya rubuta amsoshin, ko da shafi biyu ne, a ajiye inda kwamitin gaba zai same su, gama ana yi wa fasto canjin wurin aiki, dattawa kuma suna tsufa.

'Yan'uwa, kafin a sake fito da katin neman gudunmawa a bana, bari kowace ikilisiya ta tambayi kanta: aikin bara, mun rufe shi kuwa? In amsar a'a ce, to, a fara da wannan.