Masu Murnar Yanke Kuɗin Bincike, Wa Zai Duba Jinin 'Ya'yanmu?

Tun daga Janairun 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, nake ganin wasu a cikinmu suna tafi. Wai gara haka, Turawa su riƙe kuɗinsu, mun gaji da zama berayen gwaji. Har da cibiyar Fogarty, wadda tun 1968 take aiki a kan lafiyar duniya, take kuma biyan kuɗin horar da masu binciken cututtuka masu yaɗuwa a ƙasashe irin namu, an nemi a rufe ta, su kuma suna cewa Allah raka taki gona.

Na san inda ciwon yake. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma dole ya yi tsalle. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

To amma ku tsaya. Me ya sa aka iya yi mana haka? Daga baya ta fito cewa takardar amincewar da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Ba mu da tsayayyen kwamiti na masanan da za su karanta tsarin gwajin su ce a'a. Iyaye cikin firgici, baƙo da allura a hannu, babu ɗan gida mai ilimi da iko a tsakani. Wannan ɗan gidan shi ake horarwa da kuɗin da kuke murnar an yanke.

Ku tuna Yulin 2014, da Patrick Sawyer ya sauka Legas da Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta rasa ranta. A cikin Najeriya aka gwada jinin, a Legas da kuma cibiyar Farfesa Christian Happi ta Jami'ar Redeemer's, wadda Bankin Duniya da hukumar binciken lafiya ta Amurka suka tallafa. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a Oktoba aka ce ta ƙare. Da sai an jira sakamako daga Turai, a gari irin Legas, Allah kaɗai ya san inda za ta tsaya.

Ban ce haɗin gwiwar nan ba ta da aibu ba. Sau da yawa namu ke shiga ƙauye su ɗebo jini, sunan wani ya hau gaban takarda. Wasu kuma suna gama horo sai filin jirgi. Amma mai kuɗi shi ke zaɓar cutar da za a bincika, kuma mu mun ƙi sa namu. A 2001, a Abujarmu, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Najeriya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa kaiwa ba. Zanen aro ba ya rufe katara, gaskiya ne, amma wanda ya ƙi sayen nasa ba shi da bakin murna ranar da aka karɓe.

Sanƙarau na nan tafe duk bazara. Mashaƙo ya cinye mana yara a Kano a 2023. Zazzaɓin Lassa ma sunan wani gari a Borno ya ɗauka tun 1969, har yau babu rigakafinsa. Gwamnonin Arewa 19 ne, kowane da jami'arsa. Duk ɗan majalisar da ya zo unguwarku rabon atamfa, ku tambaye shi nawa jiharsa ta ware bana don horar da masu binciken waɗannan cututtuka.