Kafin a yi mata fomat, a tambayi katin

A shagunan gyaran waya da kwamfuta na Gawon Nama, unguwar da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, hukunci ɗaya ake yanke wa kwamfutar tafi-da-gidanka da aka kawo da Linux a kanta, Wi-Fi kuma ya ƙi tashi idan an kunna: a yi mata fomat, a ɗora Windows. Da wuya a tambayi ko wane kati ne a cikinta. Ɗalibi ya biya, ya koma gida da manhajar sata, da kuma darasin ƙarya cewa Linux ba ya aiki a ƙasarmu. Da likita zai riƙa yanke ƙafar duk wanda ƙaya ta soka, da tuni an ƙwace takardarsa.

Abin da ke faruwa a daƙiƙun farko na kunnawa ba asiri ba ne. Zuciyar Linux tana leƙa kayan cikin na'ura, ta gane katin sadarwa da lambarsa, ta ɗora direban da ya dace da shi. Direban sai ya nemi wani ɗan fayil da ake kira famwaya, wanda ake zuba wa katin kansa duk lokacin da aka kunna, domin in babu shi katin gawa ne. Daga nan NetworkManager ya haɗa da sabis. Kowane mataki yana barin sawu. Umarnin lspci -nnk yana faɗin sunan katin da direban da ke riƙe da shi. Umarnin dmesg yana faɗin sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa. Shi kuwa rfkill list yana nuna ko an toshe rediyon ne kawai, wani lokaci da maɓallin da hannu ya taɓa bisa kuskure. A kwamfuta mai Windows da Linux tare, tsarin kunnawa da sauri da ya zo da Windows 8 a 2012 yakan hana na'urar mutuwa sosai, ya bar katin a wani hali da Linux ba ya iya tashe shi. Minti biyar sun isa a duba duk wannan. Fomat kuwa ya fi kawo kuɗi, shi ya sa ya fi farin jini.

Amma mai gyara ƙaramin mai laifi ne. Tsofaffin kwamfutocin gwanjo da ake shigo mana da su, da yawa suna ɗauke da katin Broadcom. Shekaru kamfanin ya yi bai buɗe bayanan katunansa ba, har masu sa kai suka gano aikinsu da kansu suka rubuta direban b43. Famwayarsa kuma, lasisinta bai ba da damar a raba ta cikin faifan girkawa ba, sai dai kowa ya sauko da ita daga intanet. A tsaya a ji wannan da kyau: kana buƙatar intanet domin sauko da abin da zai ba ka intanet. Sai a 2010 kamfanin ya saki buɗaɗɗen direba na wasu sababbin katunan, tsofaffin kuwa suna nan yadda suke. In ka ce bari ka cire katin ka sa na Intel, wanda Linux ke karɓa ba gardama, wasu tsofaffin ThinkPad za su tsaya cik tun kafin a kai ga kowace manhaja, su nuna kuskure mai lamba 1802, wai kati ne marar izini. Wasu HP ma suna da irin wannan shinge. Ka sayi na'ura da guminka, wanda ya ƙera ta yana can wata nahiya yana zaɓa maka abin da za ka soka mata.

Mutanen Linux su ma ba zan wanke su ba. Shekara da shekaru Debian ta ƙi sa rufaffiyar famwaya a faifanta na hukuma, don kare aƙidar 'yantacciyar manhaja. Aƙidar ina girmama ta. Sai dai wanda ke da igiyar intanet a bangon ɗakinsa a Jamus bai ji zafinta ba; wanda ya ji shi ne mai kirga data a Sakkwato. Sai a Oktoba 2022 masu haɓaka Debian suka kaɗa ƙuri'ar sauya matsayi, Debian 12 ta fito ranar 10 ga Yuni 2023 da famwayar Intel da Realtek da sauransu a ciki. An yi daidai, an kuma makara.

Maganar ta yi zafi yanzu ne saboda Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana sharɗanta TPM 2.0 da sabon furosesa, na Intel daga zubi na takwas zuwa sama in ban da 'yan kaɗan. Tsohuwar EliteBook ko Latitude da ɗalibin likitanci ke rubuta furojet da ita ba ta cikin wannan lissafi. Mai gyaran da ya goge Linux ya ɗora Windows 10 ya mayar da ita kan manhajar da aka daina toshe wa kafofi, ya kuma karɓi kuɗin aiki a kai.

Ga mai tsohon katin Broadcom, mafitar tana aljihunsa. Ya haɗa wayarsa ta Android da igiyar USB, ya kunna raba intanet ta igiya. Linux zai ga wayar tamkar katin waya, ba tare da neman komai ba. A Debian ko Ubuntu ya girka firmware-b43-installer idan katinsa na cikin waɗanda b43 ke ɗauka, ya tabbatar direban wl bai zauna a kan katin ba, domin su biyun ba sa shan inuwa ɗaya. Datar da za ta tafi ba ta kai ta gajeren bidiyo a WhatsApp ba. Sannan ya kashe, ya sake kunnawa, ya duba dmesg.